Mun Baro Hlengiwe a Kan Gada

Tun kafin a ɗauko gawar Hlengiwe daga asibiti mahaifiyarta ta gama yanke hukunci a kaina. Saƙon da ta aiko mini Durban gajere ne: in nuna musu inda 'yarta ta faɗi, in raka gawa gida, daga nan in fita harkar ɗanta Velaphi har abada.

Shekara biyu muna son juna ni da Velaphi, kuma ƙanwarsa Hlengiwe ce ta haɗa mu. Ita ce aminiyata tun muna aji uku, ɗakinmu ɗaya a Durban, kamfanin ɗinkin da muke aiki ma ɗaya. Mahaifiyarsu MaZondi dama ba ta taɓa so na ba, amma da can iyakar abin da take cewa shi ne bakina ya cika kaifi. Yanzu ta samu hujjar da ta fi wannan.

Ranar da abin ya faru ni ce ke da aikin safe. Zazzaɓi ya kwantar da ni, Hlengiwe ta ce za ta karɓe ni. Ana yayyafi, sai ta zari rigar ruwata mai ruwan ɗorawa daga bayan ƙofa, ba tambaya kamar yadda ta saba, ta ce, "Dudu, in na dawo na tarar ba ki sha maganin nan ba, ni da ke ne."

Mota ta kaɗe ta a mararraba, ko nisa da ɗakinmu ba ta yi ba.

A wajen MaZondi maganar a fili take. Aikina ne, rigata ce, hanyata ce. Mutuwa ni ta zo ɗauka ta yi kuskure, kuma ranar da ta gane za ta dawo. Ba ta so ta dawo ta tarar da ni a ɗakin ɗanta.

* * *

Ranar Juma'a da hantsi muka tsaya a mararrabar mu huɗu. Baba Mkhonto, yayan marigayi mahaifinsu, ya zo da reshen umlahlankosi, magaryar nan da ake ɗauko kurwar wanda ya mutu nesa da gida da ita. Shi ya kamata ya riƙe, amma tari ya cinye masa murya, sai ya miƙa wa Velaphi.

"Ka san doka," in ji shi. "Daga lokacin da ka kira ta, ba ka da abokin magana sai ita. Ba waiwaye. Duk kogin da za mu haye ka faɗa mata, in ba haka ba a nan za ta tsaya."

Velaphi ya durƙusa a kan kwalta, motoci na ta kauce masa suna oda. Ya share wajen da reshen a hankali, ya kira ta.

"Hlengiwe, 'yar Ngubane, ni ne yayanki. Tashi, mun zo mu tafi da ke gida."

Na toshe bakina da gefen zanena don kada kukana ya raba masa hankali.

Na huɗunmu shi ne Mzwakhe, ɗan maƙwabtansu, mai bas biyu da haƙorin gwal ɗaya. Tun bara yake bi na, kuma MaZondi ce ke ɗaure masa gindi. Abin da ya fi ba ni mamaki, matar da ta ce mutuwa na biye da ni ita ce ke tura ni wajen ɗan maƙwabciyarta. Har yau ban san laifin da uwar Mzwakhe ta yi mata ba.

Motar gawa ta shige gaba, muka bi ta a bas ɗin Mzwakhe. Baba Mkhonto a gaba, Velaphi a tsakiya, ya shimfiɗa farin ƙyalle a kujerar da ke kusa da shi ya ɗora reshen a kai. Ni ina can baya ina kallon ƙeyarsa.

"Hlengiwe, mun fita daga gari."

"Hlengiwe, ga kogin Umdloti, za mu haye. Zo mu tafi."

Duk sanda ya ambaci kogi sai in runtse ido. Hlengiwe ba ta tsoron kowa, har shugaban sashenmu ta taɓa yi wa gwalo a bayan idonsa, amma ruwa kam ba ta wasa da shi. Tun da rafi ya taɓa jan ta tana 'yar shekara bakwai, ba ta ƙara haye gada ido a buɗe ba. Da mota ta hau gada za ta damƙi wuyan hannuna har sai ya yi shati, tana cewa, "Mun wuce? Dudu, kar ki yi mini ƙarya, mun wuce?" Ni kuwa don mugunta sai in bari mu yi nisa a kan tudu tukuna in ce mata eh.

Muna wuce Stanger barci ya ɗauke Baba Mkhonto, kansa ya jingina da gilashi. Mzwakhe ya gyara madubi ya saita shi a kaina, ya kira ni da Sisi, wato 'yar'uwa.

"Sisi Dudu, kin ji labari kuwa? Ƙarshen wata baffanina za su je wajen babanki."

Na kawar da kaina gefe.

"Mama MaZondi da kanta ta je ta same shi. Ya ce a zo, ƙofa a buɗe take. Shanun sadakin ma na riga na ware su." Ya juya madubin kaɗan. "Velaphi, kana da ta cewa? Au, yi haƙuri ɗan'uwa, na manta yau ba ka da baki."

Na ce, "Mzwakhe, ka ji tsoron Allah. Gawa muke bi."

"To ai shi ya sa nake maganar alheri, don zuciya ta yi sanyi. Ke dai ki ce eh a gaban shaida. Ga shi nan, in yana da ja ya faɗa."

Na ga jijiyoyin wuyan Velaphi sun miƙe. Ya ɗora hannu a kan reshen, ya sunkuya, ya fara magana a hankali.

"Hlengiwe, kin ji abin da ake yi mini a gabanki. Ke kika kawo mini ita, kika ce in na sa ta kuka sai kin fasa mini kai da dutsen guga. Ban sa ta kuka ba, ƙanwata. Ki faɗa mata ko shanun duniya za a kora gidansu, ni ban janye ba. Ki faɗa mata tun ranar da kika tafi ban iya kallon idonta ba, ba don na yarda da maganar Mama ba, sai don in na kalle ta ke nake gani. Ki faɗa mata ta jira ni..."

Hawaye suka wanke mini fuska. Ina jin ƙarar tayoyi ta canza, wani irin gunji daga ƙasa, amma kunnena na wajensa. Sai da na ɗago don in share ido na hangi ruwa ja mai faɗi yana shigewa baya ta taga.

Thukela ne, kogi mafi girma a hanyarmu. Mun haye shi, kuma Velaphi bai ambace shi ba.

A daidai nan farin ƙyallen ya zame daga kujera ya faɗi ƙasa, alhali tagogi duk a rufe suke. Velaphi ya ɗauka ya mayar, ya ci gaba da maganarsa. Na kalli madubi muka haɗa ido da Mzwakhe, na tarar dariyar nan tasa ta ɗauke. Ya mayar da madubin yadda yake.

* * *

Da la'asar muka shiga ƙauyensu, a bayan tsaunukan Eshowe. An kafa rumfa, matan coci cikin fari da shuɗi suna waƙa, hayaƙin manyan tukwane ya cika tsakar gida. Aka tarbi akwatin da akuya a bakin ƙofa.

Velaphi ya ce, "Hlengiwe, mun iso. Ga gidan ubanki, shiga."

Ya miƙa reshen. Baba Mkhonto ya karɓa ya tambaye shi, "Ka yi magana da wani a hanya?"

"A'a, Baba."

"Ka faɗa mata kowane kogi?"

"Kowanne, Baba."

Ba ƙarya ya yi ba, wannan ne ya fi ƙona mini rai. Har zuciyarsa bai san abin da ya tsallake ba.

Aka shigar da akwatin zagayayyen ɗakin kakanni. MaZondi na zaune a kan katifa a ƙasa, lulluɓe da bargo, ko kallona ba ta yi ba. Baba Mkhonto ya kunna turaren impepho a kasko, ya mutu. Ya sake kunnawa ya mutu. A karo na uku ya kama, amma hayaƙin maimakon ya yi sama sai ya kwanta, ya bi ƙasa ya fice ta ƙofa. Wata tsohuwa ta ce ganyen ne bai bushe ba, kowa ya yi saurin yarda.

Tsohon karen Hlengiwe, Bhova, yana zaune a bakin ƙofar gida ya ba mu baya yana kallon hanya. An jefa masa hanjin akuya ko shinshinawa bai yi ba.

Rana ba ta gama faɗuwa ba Velaphi ya same ni a bayan garke ina wanke kwanuka. Idanunsa sun kumbura, amma akwai wani haske a fuskarsa da na yi sati biyu ban gani ba.

"Dudu, Baba ya kira ni. Ya ce ya ga yadda na riƙe amanar ƙanwata, na zama namiji. Ya ce da an gama zaman makoki shi da kansa zai je gaban mahaifinki, kuma Mama ba ta isa ta tsallake maganarsa ba."

Kwanon da ke hannuna ya suɓuce cikin ruwa.

"Ba ki yi murna ba?"

"Na yi."

"To kukan me kike yi?"

"Velaphi, in da a ce... in da a ce wani abu ya faru a hanya, wanda ba ka lura ba?"

"Kamar me? Maganar wancan sakaran? Ai ban tanka masa ba, ke shaida ce." Ya durƙusa a gabana ya kama hannuwana masu kumfa. "Abu ɗaya na iya yi mata a duniyar nan, Dudu. Ban kasance a wajen ba da ta faɗi, ban riƙe kanta ba, ban ji maganarta ta ƙarshe ba. Amma na kawo ta gida. In ba don wannan ba, ban san yadda zan tashi gobe ba."

Ya kifa goshinsa a hannuna yana kuka, ni ma ina yi. Maganar ta zo mini har bakin leɓe na haɗiye ta. Ina son mutumin nan, kuma na gaji da rashi. Na ce wa zuciyata ai reshe itace ne kawai, mu 'yan coci ne, Allah ya san hanyar gidan kowa.

* * *

Da safe, ana jera kujeru, Mzwakhe ya tare ni a bayan rumfa. Bai yi aski ba, kuma hular da ke hannunsa sai murɗa ta yake yi.

"Na je Stanger ɗauko 'yan'uwansu da sassafe," in ji shi. "Ta kan gadar na bi."

"Sai aka yi yaya?"

"Akwai mace a tsaye a tsallaken can, ta wajen Durban. Rigar ruwa ce a jikinta, mai ruwan ɗorawa. Sisi Dudu, ko hadari babu." Ya lashi leɓe. "Ta ɗaga mini hannu."

Na ce, "Ka tsaya?"

"Ke za ki tsaya? Da na dawo da mota cike da mutane tana nan inda take, ba wanda ya gan ta sai ni." Ya matso. "Ni dai bakina ƙanin ƙafata, don in na faɗa ni za a fara kamawa. Ke ma in kina da wayo ki yi gum. Ki auri Velaphi, na haƙura. Sai dai ki sani, duk ranar da za ki je ganin gida ta kan gadar nan za ki bi. In kuma kika faɗa, kin san ya fi ƙarfinki har abada, ni kuwa ina nan ban je ko'ina ba."

"Ko maza sun ƙare, Mzwakhe."

"Haka kuke cewa." Ya saka hularsa ya wuce.

An haƙa kabarin a bayan ɗakuna, kusa da na mahaifinta. Aka ɗora akwatin a kan itatuwa a bakin ramin, da bargo a kai, reshen kuma a kan bargon. Fasto ya yi nasa, wakilin dangi ya yi nasa, sai mai gabatarwa ya duba takarda ya ce, "Yanzu ƙawar marigayiya, Duduzile Shabalala."

Na miƙe. Na kwana ina tsara abin da zan faɗa, kuma da shi na fara.

Na ce musu Hlengiwe ba ta iya waƙa ba, amma ba a isa a hana ta ba, har maƙwabcinmu ya taɓa buga bango yana tambaya ko lafiya. Aka yi 'yar dariya. Na ce ba ta taɓa sayen fanke ɗaya ba, kullum biyu, ko da muna gaba ba ma magana za ta ajiye mini nawa a kan keken ɗinki ta wuce tana hura hanci. Na ce ranar da mahaifiyata ta rasu ita ta yi mini wanka, ta taje mini kai kamar jaririya, ta yi sati tana kwana a ƙasa kusa da gadona. Na ce ban taɓa juyawa na neme ta na rasa ba.

A nan muryata ta tsaya.

Na kalli Velaphi, ya gyaɗa mini kai don in ƙarasa. Na kalli can bakin ƙofa, karen na nan zaune yadda yake tun jiya. Sai na ji muryarta a cikin kaina, tsaf kamar tana kusa da kunnena: Dudu, kar ki yi mini ƙarya, mun wuce?

Ta kwana ita kaɗai a bakin ruwa, ruwan da ta fi tsoro a duniya, ni kuwa na kwana ina tunanin ranar aurena.

Na ce, "Ku yi haƙuri, kar a sauke akwatin nan. Hlengiwe ba ta nan. Mun baro ta a gadar Thukela."

Kowa ya juyo yana kallona.

Baba Mkhonto ya dogara sandarsa ya miƙe. "Yarinya, me kike cewa?"

"Kana barci, Baba. Mzwakhe ya tsokane shi a kaina. Bai amsa masa ba, da ita ya yi ta magana, amma zancena yake yi mata har muka haye. Ba a faɗa mata kogin ba."

Velaphi ya zuba mini ido, bakinsa na motsi yana ƙirga kogunan ɗaya bayan ɗaya. Na ga lokacin da ya iso wajen, sai ya zauna a kan tudun ƙasar kabarin.

"Kin sani tun jiya," in ji shi, da ƙyar ake jin sa. "Na riƙe hannunki ina gaya miki na kawo ta gida, kina kallona."

"Na so in faɗa, Velaphi."

"Kika bar ni na tsaya gaban Baba, kika bari sai yau, a gaban duk garin nan?"

"Na ji tsoron rasa ka. Wallahi tsoron rasa ka na ji."

Ya rufe fuskarsa da hannu biyu.

MaZondi ta yaye bargon daga kanta. Wannan ne karo na farko da ta dube ni tun zuwana, kuma idonta a bushe yake.

"Na sani," ta ce. "Wata tara na ɗauke ta, kuna tsammanin za ta shigo gidan nan ban ji ba? Na kwana gaban akwati kamar ina gadin buhun masara. Jira nake in ga a cikin ku ukun wa zai buɗe baki." Ta juya ga Baba Mkhonto. "A saro wani reshen, a ba yarinyar nan."

"MaZondi, ba jininmu ba ce."

"Ita ta fitar da ita daga gidan nan ta kai ta birni. Hlengiwe ta bi ta a wancan karon, za ta sake bin ta." Ta dawo da idonta kaina. "Sau biyu ke nan kina raba ni da ita, sau ɗaya da rigarki, sau ɗaya da soyayyarki. Ki kawo ta bakin ƙofa, ki miƙa, ki juya. Ƙafarki ba za ta sake taka gidan nan ba."

"Mama..." in ji Velaphi.

"Kai kuma in ka bi ta, ka ce wa masu haƙa kar su tafi da shebur ɗinsu, akwai aiki na biyu."

* * *

Mzwakhe ne ya kai ni, don ba wata motar. Tafiyar awa guda ce. Da muka haye gadar ya juya motar ya tsaya a gefe, ya kifa kansa a kan sitiyari.

"Ki ce mini in kin gama. Au, ba za ki iya ba. Ni dai zan jira ku a tsallaken can." Ya ja motar ya bar ni.

Rana tsaka, ba kowa a wajen sai ni da ƙarar ruwa a ƙasa. Ban ga mace ba, ban ga riga ba. Na durƙusa a bakin ƙarfen gadar na share ƙasa da reshen.

"Hlengiwe, ni ce. Na san ba ni kike jira ba, amma ni aka aiko." Kuka ya ƙwace mini. "Ki yafe mini, ƙawata. Na gan ki kin tsaya na yi shiru. Na zaɓi yayanki na bar ki a bakin ruwa, ke da kika tashi da sassafe kika tafi aikina don in kwanta. Ban sha maganin ba ma ranar, kin ji, yana nan a kan taga. Kullum in na buɗe ido sai in ji kamar za ki banko ƙofa kina wannan muguwar waƙar taki. Wa zai saya mini fanke yanzu? Da wa zan yi gulmar mutane? Kin tafi kin bar ni da bakina ba mai taya ni."

Na daɗe a durƙushe. Sai na lura na daina jin ƙarar ruwan, duk da ina ganin sa yana gudu. Wani ƙanshi ya zo mini, na man kwakwar da take shafawa a kai, haɗe da warin jiƙaƙƙiyar roba.

Na miƙe. "Tashi, 'yar Ngubane. Wannan Thukela ne, za mu haye. Rufe idonki, ina riƙe da ke."

Taku uku na yi na ji an damƙi wuyan hannuna na hagu. Yatsu huɗu a sama, babban yatsa a ƙasa, sanyi kamar an ciro su daga randa. Ban waiwaya ba. Haka muka taka gadar nan tun daga farko har ƙarshe, manyan motoci na wuce mu, kuma ƙafata na sauka a kan tudu na ce mata, "Mun wuce." Wannan karon ban ja mata rai ba.

A mota na faɗa mata kowane rafi, har waɗanda ba su da suna, har kwalbatin da ruwansa ya ƙafe. Hannun bai sake ni ba.

Tun daga nesa na ji waƙar matan coci, muryoyinsu sun dishe don jira. Bhova ya taso da gudu yana kaɗa wutsiya, ya wuce ni, ya riƙa tsalle a gefena na hagu inda ba kowa. Waƙar ta mutu a bakin mutane ɗaya bayan ɗaya.

Baba Mkhonto na tsaye a bakin ƙofa, MaZondi a bayansa. Velaphi ya ratso mutane ya zo har gabana, idanunsa jajir.

"Na san ba za ki iya amsa mini ba, ki ji kawai. Na yi fushi, har yanzu ma ina yi. Amma abin da na kasa yi mata ke kika yi, kuma kin san abin da zai ci miki. Dudu, kar ki juya. In kika juya ban san yadda zan bi ki ba, ban kuma san yadda zan zauna ba."

Ban kalle shi ba, don in na kalle shi sai na yi magana. Na ce, "Hlengiwe, mun iso. Ga gidan ubanki, ga Mama na jiran ki. Shiga, ni iyakata nan."

Na miƙa reshen da hannu biyu. Baba Mkhonto ya kama ya ja, reshen ya ƙi tafiya. Ƙayoyinsa sun maƙale a hannun rigata na hagu. Ya sunkuya ya ɓanɓare ɗaya, wata ta kama. Ya ɓanɓare wannan, biyu suka shige har fata, jini ya tsattsafo. Ya gwada sau uku, sannan ya cire hannunsa a hankali ya ja da baya.

"MaZondi," in ji shi, muryarsa ƙasa-ƙasa, "ta ƙi shiga ita kaɗai."

MaZondi ta tako har bakin ƙofa. Ta kalli jinin da ke bin hannuna, ta kalli gefena na hagu ta daɗe tana kallo. Sai ga hawayen da ta hana kanta tun jiya sun zubo. Da hannunta ta tura ƙyauren ya buɗe gaba ɗaya.

"To shigo," ta ce. "Amma tun da ke kaɗai ke magana da ita, tambaye ta. Gidan take so ta shigo da ke, ko ramin?"

Ta bayan kafaɗarta ina hango jar ƙasar kabarin can ta tsakanin ɗakuna, da akwatin a bakinsa. Ban tambaya ba, na ji tsoron amsar. Na ce, "Hlengiwe, za mu shiga."

Ban gama ɗaga ƙafa ba yatsun nan masu sanyi suka ƙara matse ni, suka ja ni gaba.